Fiyanon da ke saman ɗakina a Gwanzu: musanya ce ko miƙa wuya?

Alhaji Mansur (Gwanzu):
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau ba maganar kuɗin kwantena ko canjin yuwan na zo da ita ba. Wata uku ke nan da na sauya gida a nan Gwanzu ta ƙasar Sin, kuma a saman ɗakina akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara takwas ba. Kullum ƙarfe bakwai na yamma sai ta hau fiyano, ba ta sauka sai tara. Abu guda take ta nanatawa, ta yi tuntuɓe a wuri ɗaya, in ji muryar uwarta, ta koma farko. Har na haddace wurin, in ta doshe shi sai in ji gabana na faɗuwa kamar 'yata ce. Na tambayi ejan ɗina, ya ce kiɗan wani Bajamushe ne, Bach, wanda ya mutu tun 1750. Shi ma ɗansa gogen Turawa yake koyo, wato bayolin, har ya saya min tikitin zauren kiɗa na Xinghai ranar Asabar, wai sai na gani da idona.

Abin da ya ɗaure min kai: mutanen nan ba su yarda a taɓa musu harshe, Facebook ma sun toshe shi, amma kiɗan Turawan da suka daɗe da zama ƙasa sun rungume shi hannu bibbiyu. Masana, a warware min.

Kwamared Ɗanjuma:
Alhaji, ai amsar na cikin tambayarka. Wanda aka ci da yaƙi, kwaikwayon wanda ya ci shi yake yi. Ingila ta dake su a yaƙin ofiyom, ta karɓe Hong Kong a 1842, Turawa suka yanka Shanghai kamar naman layya. Daga nan duk abin da Bature ya riƙe ya zama ci gaba, har da kiɗansa. Ana ce masa musanyar al'adu don a rufa asiri. Musanya ai ba ni in ba ka ce. Yaro nawa ne a Jamus yake shan faɗan uwa da daddare a kan gogen Sinawa?

Malam Habibu Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kwamared, ka fara labarin daga tsakiya. Kayan kiɗan nan ya riga jiragen yaƙi isa Sin da fiye da shekara 200. A 1601 wani limamin Katolika ɗan Italiya, Matteo Ricci, ya kai wa Sarki Wanli gaisuwa a Beijing: agoguna, zane-zane, da wani ɗan akwatin kiɗa mai tsirkiyoyi, kakan fiyano. A lokacin Bature ne mai durƙuso. Sarki ya tura babanni huɗu na fada su koyi kaɗa shi. Bayansa Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722, ya ajiye Tomás Pereira ɗan Fotugal a fadarsa yana koyar da kiɗa, daga baya kuma Teodorico Pedrini ya zo a 1711. Amma abin bai fita daga fada ba, kayan sha'awa ne kawai kamar agogo. Wani limamin ɗan Faransa, Amiot, ya kaɗa wa malaman Sin kiɗan Rameau, suka saurara cikin ladabi, sannan suka nuna masa cewa nasu yana ratsa kunne ya kai zuciya, nasa kuwa bai yi musu haka ba.

Inda kake da gaskiya shi ne Shanghai. Rukunin makaɗan da Turawan birnin suka kafa a 1879 don nishaɗin kansu ne, akasarin makaɗan farko ma 'yan Filifin ne. Sai da Mario Paci ɗan Italiya ya karɓi jagorancinsa a 1919 ya matsa, sannan aka fara barin Sinawa su shiga su saurara, a cikin garinsu fa. Basine na farko da ya zauna cikin makaɗan shi ne Tan Shuzhen, a 1927. Ku riƙe sunan nan, zan dawo kansa.

A wannan shekarar dai Xiao Youmei, wanda ya yi karatu a Leipzig, shi da Cai Yuanpei suka buɗe makarantar kiɗa ta Shanghai. Su wane ne malaman? Da yawansu Rashawa ne da suka gudo bayan juyin 1917, daga baya kuma Yahudawan da suka tsere wa Hitler. 'Yan gudun hijira ne masu neman na tuwo, ba gwamnoni ba.

Kwamared Ɗanjuma:
Allah ya gafarta Malam, ɗan gudun hijirar Bature ma a Shanghai ta wancan zamani ya fi ɗan gari daraja. Amma ci gaba, ina ji.

Malam Habibu Zariya:
To ga wanda zai ba ka mamaki. A 1934 wani Barashe, Alexander Tcherepnin, ya ga ɗaliban suna ta kwaikwayon Turai, abin bai yi masa daɗi ba. Ya sa gasa da kuɗinsa: a rubuta kiɗan fiyano mai ɗanɗanon Sin. Wani ɗalibi ɗan ƙauyen Hunan, He Luting, ya cinye da wani ɗan gajeren kiɗa a kan sarewar yaro makiyayi. Har gobe yara na koyonsa. Alhaji, ba mamaki yarinyar samanka ta iso kansa wata rana. Kun ga ke nan Bature ne ya ce musu ku daina bin mu.

Shi kuwa zauren da za ka je, sunan Xian Xinghai ya ci. Ɗan masunta ne, maraya tun yana ciki, ya tafi Faris ta Faransa yana wanke kwanuka a gidajen abinci har ya samu karatu wurin masanin kiɗa Paul Dukas. Ya dawo gida a 1935, ana cikin yaƙi da Japan a 1939 a garin Yan'an ya rubuta waƙar taron nan ta Rawayen Kogi cikin kwana shida. Kayan kiɗa babu, sai da suka haɗa babban goge da gwangwanin mai, suka zuba cokula a kofin ƙarfe suna kaɗawa. Tsarin na Turai ne, amma da shi aka zaburar da mutane su kori ɗan mamaya.

Nura Fiyano:
Ni dai an zo gidana. Shekara 14 ina buga fiyano a situdiyo a Kano, kuma wallahi sai da na ga bidiyon Lang Lang, shahararren makaɗin fiyano ɗan Sin, na gane abin da muke kira fiyano ƙanensa ne. Namu ka danna maɓalli ya ba ka kalangu, ya ba ka sarewa. Nasu katako ne da tsirkiyoyin ƙarfe da 'yan guduma a ciki, maɓalli 88, ba lantarki, ƙarfin yatsanka shi ne ƙarfin sautin. Shi Lang Lang ɗin ma cewa ya yi a katun ɗin kyanwa da ɓera ya fara jin kiɗan Liszt yana ɗan shekara biyu. Mu ma mun kalli katun ɗin nan a talabijin ɗin maƙwabta, ba abin da muka ɗauka sai dariya.

Abu Sumayya:
Jama'a ku ji tsoron Allah. Duk wannan dogon bayani a kan kiɗa? Da wannan lokacin kun yi tilawa.

Mai kula da zaure:
Malam Abu Sumayya, mun gode da tunatarwa, Allah ya saka. Hukuncin kiɗa an yi muhawararsa a nan sau biyu, kowa ya san matsayin malaminsa. Yau tarihin wasu mutane ake tattaunawa. A ci gaba, ban da zagi.

Zainabu (Tianjin):
Ina gaida iyaye da yayye. Shekarata ta huɗu ke nan ina karatun haɗa magunguna a nan, kuma abokiyar ɗakina ta kai mataki na 10 a jarrabawar fiyano, wanda shi ne ƙarshe a tsarin da ta bi. Ranar da ta karɓi takardar ta rufe fiyanon, yau shekara bakwai ba ta buɗe shi ba. Ta ce in ta ji ƙarar na'urar nan mai ƙirga bugu, cikinta murɗawa yake.

Saboda haka Baba Alhaji, abin da kake ji a samanka ba lallai son Bach ba ne. Daga 1980 zuwa 2015 yawancin gidajen birni ɗa ɗaya doka ta yarda su haifa. Uwa da uba da kakanni huɗu duk a kan yaro guda suke zuba buri. Fiyano a falo alama ce ta an fita daga talauci, kuma a da takardar kiɗa tana ƙara wa yaro maki wajen shiga makaranta. Da gwamnati ta soke wannan ƙarin, ga haihuwa ta ragu, ga tattalin arziki ya yi sanyi, sai kasuwar fiyano ta faɗi. Yanzu na hannu ana neman kai da su a intanet.

Shi Lang Lang da Yaya Nura ya ambata, shi da bakinsa ya ba da labarin cewa yana ɗan shekara tara wata malama a Beijing ta kore shi ta ce ba shi da baiwa, uban ya haukace har ya ce masa gara ya mutu. Shi ya tsira ya zama tauraro. Sauran dubban da aka yi wa irin wannan matsin ba wanda ya san sunansu.

Kwamared Ɗanjuma:
Ƙanwata Allah ya yi miki albarka, kin gama min aiki. Neman matsayi ne da rigar Bature. Kuma ku duba kasuwar: kamfanin Pearl River da ke nan Gwanzu ɗin Alhaji shi ya fi kowa ƙera fiyano a duniya, garin Huangqiao kuma bayolin yake fitarwa kamar bulo. Makarantar Juilliard ta New York ta buɗe reshe a Tianjin. Su Sinawa su kawo kuɗi da gumi, Turawa su riƙe hatimin cewa wane ya iya. Har yau sai ka ci gasa a Warsaw ko Mosko kafin a yarda da kai a gida.

Malam Habibu Zariya:
Kwamared, akwai shekara goma da ka tsallake, kuma su ne suka hana ni yarda da kai. Abin da kake faɗa yanzu, cewa kiɗan nan rigar Bature ce, an taɓa mayar da shi dokar ƙasa a Sin. Daga 1966 zuwa 1976, lokacin Juyin Juya Halin Al'adu, aka haramta Beethoven da Mozart, aka farfasa faya-fayai, aka rufe makarantu.

Ga abin da ya biyo baya. Liu Shikun, wanda ya zo na biyu a gasar Tchaikovsky a Mosko a 1958, Jajayen Dakaru, wato matasan juyin, sun karya masa hannu, ya yi shekaru a kurkuku. Gu Shengying, budurwa gwanar fiyano, an wulaƙanta ta a bainar jama'a a 1967, a daren ita da mahaifiyarta da ƙanenta suka kashe kansu. Lu Hongen, madugun makaɗan Shanghai, harbe shi aka yi a 1968. Ma Sicong, shugaban babbar makarantar kiɗa ta Beijing, a cikin ƙaramin jirgin ruwa ya tsallaka Hong Kong, ya mutu a Amurka a 1987 bai sake ganin gida ba. He Luting mai sarewar makiyayi, an gurfanar da shi a talabijin don ya amsa laifi, ya ƙi, ya mayar musu da magana. Shi kuwa Tan Shuzhen da na ce ku riƙe sunansa, wata 14 ya yi a kulle a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakala a makarantar da yake koyarwa.

Mutum ba ya shan wannan a kan kayan ado. Wanda ya ari riga don zuwa biki, in aka zaro masa wuƙa tuɓe ta yake yi.

Wani kuma dabara ya yi. Yin Chengzong ya sa aka ɗora fiyano a mota aka kai dandalin Tiananmen a 1967, ya zauna yana kaɗa waƙoƙin juyin juya hali, don ya nuna kayan ba shi da laifi. Daga baya shi da abokansa suka mayar da waƙar Rawayen Kogi kiɗan fiyano, matar shugaba Mao, Jiang Qing, ta sa albarka. Wasu na ganin ya sayar da kansa, wasu na ganin shi ya ceci fiyano a ƙasar. Ni na kasa yanke masa hukunci.

Sai siyasa ta juya. Shugaban Amurka Nixon ya je Sin a 1972, a Satumbar 1973 makaɗan Philadelphia suka sauka Beijing da madugunsu Eugene Ormandy. Ya shirya simfoni ta 5 ta Beethoven, wato dogon kiɗan taron makaɗa, Jiang Qing ta ce sai ta 6, mai siffanta ƙauye da makiyaya. Dole ya bi. Tan Dun, wanda daga baya ya ci kyautar Oscar a 2001, ya ce yana saurayi a karkarar Hunan ya ji wannan kiɗan ta lasifikar gari, kuma daga nan rayuwarsa ta sauya hanya. A Maris ɗin 1977, wata shida da mutuwar Mao, Li Delun ya jagoranci ta 5 ɗin da aka hana, aka watsa wa ƙasa. Mutane da yawa a nan suka tabbata cewa guguwar ta wuce.

Hajiya Rabi Kumasi:
Innalillahi. Malam, yarinyar nan da uwarta da ƙanenta sun tsaya min a rai. Ni ban san komai a kiɗan nan ba, amma jikata ta taɓa kunna min wani na bayolin ta ce na Sinawa ne, labarin masoya biyu da suka zama malam-buɗe-littafi. Ba waƙa ko kalma ɗaya, amma wallahi akwai wurin da gogen yake kuka kamar mace. Wa ya san labarin?

Zainabu (Tianjin):
Hajiya, ina wuni. Liang Zhu suke ce masa, kowa a nan ya san shi har direban tasi. Yarinya ce, Zhu Yingtai, ta yi shigar maza don ta je makaranta. Shekara uku suna karatu da Liang Shanbo bai gane mace ba ce. Kafin ya farga ya zo neman aure, uban ya ba da ita ga ɗan masu kuɗi. Baƙin ciki ya kashe shi. Ranar kai amarya ta tsaya a kabarinsa, kabarin ya tsage ta faɗa, suka fito su biyu suna shawagi.

Ɗalibai biyu na makarantar Shanghai, He Zhanhao da Chen Gang, suka rubuta shi a 1959, wata ɗaliba 'yar shekara 18, Yu Lina, ta fara kaɗa shi. Dalilinsu ma abin ji ne: in sun je ƙauye sun kaɗa na Turai, manoma ba sa gane komai. Sai suka ɗauko karin wasan kwaikwayon gargajiya na yankinsu, suka sa bayolin yana zamewa daga sauti zuwa sauti yadda gogensu erhu ke yi. Wannan kukan da kika ji, Hajiya, daga nan ya fito.

Hajiya Rabi Kumasi:
Ashe auren dole ne. To ai mu ma mun san wannan kukan, 'yata.

Isufu Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Ni tambayar Kwamared ta farko nake so a koma, don ba a amsa ta ba: me su suka bayar?

Abin da na sani, Puccini ya ɗauki wata tsohuwar waƙar Sinawa ta furen yasmin ya saka a wasansa Turandot, wanda aka fara nunawa a 1926, Mahler kuma ya ɗora kiɗa a kan waƙoƙin mawaƙan daular Tang irin su Li Bai. Amma wannan ɗiba ce daga nesa, kamar mai yawon buɗe ido ya sayi hula a kasuwa. Bayarwa ta gaske sai da ɗaliban da suka shiga makarantar Beijing a 1978 suka fita duniya. Da yawansu an tura su noma a ƙauye lokacin guguwar, suka dawo da kunnen ƙauye. Zhou Long ya ci kyautar Pulitzer a 2011 da wasan da ya gina kan tatsuniyar farar macijiya. Chen Qigang ya zama ɗalibin babban masanin kiɗa Messiaen na ƙarshe a Faransa. Tan Dun kuwa manyan kwanonin ruwa yake jerawa a gaban makaɗa, a kifa ƙoƙo a kai ana bugawa, Turawa sun sa kwat suna tafi. Da na gani dariya na yi, na ce wannan ai kiɗan ƙwaryar iyayenmu mata ne a gidan biki.

Nura Fiyano:
Malam Isufu ka kashe ni! Wallahi na gani, kiɗan ruwa ne sak. Su Inna ba su san suna zaune kan Oscar ba.

Amma ni erhu ɗin nan ne ya tsaya min. Tsirkiya biyu, fatar mesa, baka mai izgar doki. Namu goge tsirkiya ɗaya, ƙwarya da fatar guza. 'Yan uwa ne ko a ido. Uban Lang Lang ma shi yake kaɗawa, sun hau dandalin Carnegie na New York tare a 2003, uba da goge ɗa da fiyano. Ku kwatanta min yau wani ɗanmu ya yi suna a duniya ya ce sai ya hau da babansa mai kukuma. Mu da muke ɓoye cewa gidan makaɗa muka fito.

Malam Habibu Zariya:
Nura, shi kansa erhu baƙo ne. Kalmar "hu" da ke cikin sunansa ita Sinawa ke kiran ƙabilun arewa da yamma da ita, waɗanda suke ɗauka bare. Molonsu pipa ta hanyar fatake ya shigo daga tsakiyar Asiya. Suona da suke busawa a biki da jana'iza daga Farisa take, dangin algaitarmu ce, wadda mu ma ta arewacin Afirka ta zo mana. Yau wa zai shiga fadar Zazzau ya ce algaita ba tamu ba ce? Shekaru ne kawai suka yi mata takardar zama ɗan ƙasa.

Wani abin kuma, daidaita sautuka 12 da ake ɗaure fiyano a kai yau, wani ɗan sarkin daular Ming, Zhu Zaiyu, ya fitar da lissafinsa a 1584 da katon allon ƙirga. A kusan lokacin Simon Stevin ɗan Holan ya yi nasa.

Kwamared Ɗanjuma:
Na ji, kuma maganar waɗanda suka mutu ta sa na sassauta. Ba zan ce musu 'yan kwaikwayo ba. Amma Malam ka faɗi ɗaya ɓangaren. Ba su tsaya ga koyon na Turawa ba, nasu suka kai wa Bature ya yi masa kaciya. Liu Tianhua ya koyi bayolin ya dawo ya sake wa erhu tsarin koyarwa. Tsirkiyar siliki aka cire aka sa ta ƙarfe don ta cika babban zaure. Pipa aka ƙara mata matakai don ta hau ma'aunin fiyano. Daga shekarun 1950 aka jera makaɗan gargajiya sahu-sahu da madugu mai sanda a gaba, aka cusa manyan gogunan Turai a bayansu don nasu ba su da kauri. Wanda ya je kallon "kiɗan gargajiya" a Beijing yau, simfoni yake gani da kayan gida. Tsohon da ke kaɗa guqin, tsohon kayan kiɗansu mai tsirkiyoyi, shi kaɗai a ɗaki, a hankali, don abokinsa guda, shi aka bari a baya, sai da UNESCO ta sa shi cikin abin da za a adana a 2003.

Mu ma haka fiyanon su Nura ya yi wa kalangu. Ba gaba, Nura.

Nura Fiyano:
Ba gaba Kwamared, gaskiya ce mai ɗaci. Mai fim ba zai biya makaɗa shida ba alhali ni kaɗai zan yi masa a dubu kaɗan. Kuma karin Indiya da muke ɗorawa, mu ma an ce mun miƙa wuya, yau kuma in aka ji shi a Legas cewa ake kiɗan Hausa ne.

Isufu Damagaram:
Amma Kwamared, waɗannan 'yan makarantar da kake zargi su ne suka ceci Abing. Makaho ne mai erhu a titunan Wuxi, yana bara da kiɗa. A 1950 wani malamin makarantar kiɗa, Yang Yinliu, ya je da na'ura ya naɗi guda shida daga cikin kaɗe-kaɗensa, kafin shekara ta ƙare ya rasu. Aka rubuta su a takarda, yau duk mai koyon erhu sai ya bi ta kansu. Mu a Yamai muna da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, daga can marigayi Malam Maman Barka ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, wani tsohon kayan kiɗa mai tsirkiyoyi, wurin tsohon da ya rage yana kaɗa shi. Irin wannan aikin sai mai makaranta. Kuntigin Ɗanmaraya fa, tun da ya rasu a 2015, wa ke koyar da shi?

Zainabu (Tianjin):
Abu ɗaya zan ƙara a kan hatimin da Kwamared ya ce Turawa sun riƙe. Ɗalibai a nan suna jin zafin maganar da ake yi musu a waje, wai yatsu gare su ba zuciya, kamar inji. Alhali tun 1955 Fou Ts'ong ya zo na uku a gasar Chopin a Warsaw, kuma shi aka ba kyauta ta musamman ta mazurka, wato rawar ƙauyen Foland, abin da ake cewa sai ɗan ƙasa ke jin ɗanɗanonsa. Malaminsa na yarinta Mario Paci ne da Malam ya ambata. A Janairun 2023 kuma Yuja Wang, haifaffiyar Beijing, ta kaɗa manyan ayyukan Rachmaninoff guda biyar na fiyano da makaɗa a zama ɗaya a Carnegie. Makaɗan da suka raka ta na Philadelphia ne, waɗanda suka je Beijing shekara 50 kafin nan.

Kwamared Ɗanjuma:
A Carnegie dai. Ranar da ɗan Jamus zai zo Wuxi neman hatimi, ku kira ni.

Alhaji Mansur (Gwanzu):
Jama'a na je na dawo, ga rahoto. Zauren a wani tsibiri yake tsakiyar kogi. Abin da na fara lura, furfura ba ta da yawa. Matasa ne da iyaye riƙe da yara, wasu yaran ma da littafin kiɗa a cinya suna bi da yatsa. Ma'aikata na tsaye a gefe da ɗan fitila mai jan haske, duk wanda ya ɗaga waya sai su haska masa allon. Ni aka fara haskawa.

Kashin farko Beethoven ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ɗan yi gyangyaɗi a tsakiya, sanyin na'ura ga gajiyar kasuwa. Da suka tsaya na zaci an gama, na zuba tafi ni kaɗai da wasu mutum uku, ejan ɗina ya riƙe min hannu, ashe numfashi suke yi. Ɗansa ya rufe fuska don kunya.

Bayan hutu aka yi na malam-buɗe-littafin Hajiya. Da yake Zainabu ta ba mu labarin, sai na riƙa gane wurin: ga inda suke makaranta, ga inda uban ke tsawa da manyan ƙahonni, ga inda bayolin da babban goge suke magana su biyu kamar masu sallama. Wata tsohuwa kusa da ni, ta kai shekara 80, tana bin karin a hankali da bakinta a rufe, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Na so in tambaye ta inda take a 1967, amma Sinancina na ciniki ne, daga nawa ne sai rage min.

Na dawo gida goma ta wuce, sama shiru. Jiya kuwa ƙarfe bakwai ta fara, kuma ta wuce wurin nan ba ta yi tuntuɓe ba. Saura kaɗan in yi kabbara. Ta ci gaba layi biyu ta samu sabon wurin faɗuwa.

Nura Fiyano:
Alhaji don Allah in ka shiga kasuwa tambayo min kuɗin erhu, matsakaici ba na yara ba. In sa a kayanka na wata mai zuwa, zan tura kuɗin ta wurin yaronka na Kwari.

Alhaji Mansur (Gwanzu):
Zan tambaya. Amma fatar mesa ce, ejan ya ce sai da takardar izini ake fita da shi. In ta gagara akwai mai fatar roba.

Nura Fiyano:
A'a Alhaji, kawo mai robar kawai. In ya iso na kai wa masu goge su ɗaura masa guza.